Wuƙar Sojan Ruwan Jamus a Cikin Kayan Gado: Nazarin Wani Lamari a Kano

Maganar ta zo mini ne ta hanyar rabon gado. Wani dattijo ya rasu a wajen Gwagwarwa, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, da gida, da fili a bayan gari, da tarkacen da kowane tsoho yake bari. Malamin da aka kira don rabo ya yi wa komai kuɗi cikin kwana biyu, har keken ɗinki da tsohuwar rediyo. Abu ɗaya ne ya tsaya masa: wata wuƙa mai kuben tagulla da aka ciro daga ƙasan adakar mamacin, an naɗe ta da tsohon rawani. Ya ce shi tumuni da sudusi ya sani, bai san kuɗin wannan ba, kuma ba zai sa abu cikin lissafin marayu da ka ba.

Ni tsohon malamin tarihi ne a sakandare, na kuma daɗe ina tara tsofaffin kuɗi da lambobin soja, abin da iyalina ke kira tara shara. Ɗaya daga cikin magadan ɗalibina ne a da, shi ya zo har gida ya ce, "Malam, a taimaka a duba mana, gida na nema ya rabu biyu a kan wuƙa." Da yardarsu nake rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba.

Labarin da gidan ya gada

Kowa a gidan, har jikoki, ya haddace labarin. Kakansu, wato mahaifin mamacin, soja ne a zamanin Turawa, ya je Yaƙin Jamus a Kamaru, kuma ranar da Garwa ta faɗi ya ƙwace wannan wuƙa daga ƙugun wani hafsan Jamus. Ƙotarta hauren giwa ce. Tun daga lokacin tana gidan.

Labarin ba daga sama ya faɗo ba. Rundunar Najeriya, wadda aka haɗa a 1914 lokacin da aka haɗe Arewa da Kudu, ta shiga Kamaru tun watan Agustan shekarar. Harin farko da aka kai Garwa daga Yola bai yi daɗi ba, Jamusawa suka kore su da asara mai yawa. Sai a ranar 10 ga Yuni 1915 garin ya miƙa wuya, bayan Ingilishi sun hauro da igwar jirgin ruwan yaƙi ta kogin Binuwai. Dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916 ya sallama. Hausawa da yawa sun yi wannan yaƙi, kuma soja ya dawo gida da abin tunawa ba sabon abu ba ne.

Kafin a kira ni, dillalai biyu sun riga sun ga wuƙar. Na farko ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce irinta cike suke a kasuwa, ya taya kuɗin da bai kai na ragon layya ba. Aka ce albarka. Na biyu ya fi wayo. Ya saurari labarin Garwa har ƙarshe, ya yi ta jinjina kai, sannan ya ce yana da mai saye a waje, kuma idan aka samo takardar da ke tabbatar da labarin, kuɗin zai iya sayen fili. Wannan kalma ta fili ita ce ta kunna wutar. 'Yan ɗakin uwargida suka ce kayan kaka ba na sayarwa ba ne. 'Yan ɗakin amarya suka ce ana so ne a yi mata kuɗi kaɗan a rabo, daga baya babban wa ya sayar shi kaɗai. Dukansu, ba tare da sun lura ba, sun yarda da abu ɗaya: cewa labarin gaskiya ne, kuma wuƙar tana da tsada saboda shi.

Abin da wuƙar ta faɗa da bakinta

Na je da awo, da maganaɗisu, da madubin ƙara girma, da tocila. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, maza shida suka kewaye ni kamar mai shirin yin duba.

Tsawonta da kube ya ɗan haura santimita 40, ruwan wuƙar kuwa wajen 25. Kuben tagulla ne zalla, maganaɗisu bai kama shi ba, yana da ɗamara biyu masu zanen ganye, kowace da zoben rataya, a jikinsa kuma an zana layuka masu karkacewa irin na walƙiya. A makarin hannu, wato ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙota da ruwa, akwai hoton anka, ƙugiyar da ake tsayar da jirgi da ita. Ta baya akwai ɗan maɓalli, sai an danna shi wuƙar take fita. Ruwan yana da kwari biyu a kowane gefe, da zanen anka da igiya ta nannaɗe ta. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin kayan sojan Jamus zai gane ta daga ƙofar zaure: wuƙar ado ce ta hafsoshin sojan ruwansu. Ba don faɗa aka yi ta ba. Ana rataya ta ne a ƙugu da kayan fareti, kamar yadda hakimi ke rataya takobi ranar hawa ba don zai sari kowa ba.

Wannan kaɗai ya sa na fara ɗar-ɗar. Sojojin da suka tsare Garwa na ƙasa ne, rundunar mulkin mallakar Jamus, galibinsu 'yan Afirka ƙarƙashin hafsoshi Turawa, kuma tsakanin Garwa da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Amma wannan ba hujja ba ce mai yanke magana, don mutum yana iya ɗaukar kayan wani aiki ya tafi da su wani wuri. Hujjar tana kan ƙota.

Wuƙar sojan ruwan Jamus ta sa hula iri uku, wato adon da ke kan ƙotarta, kuma kowace hula tana faɗin zamaninta. A zamanin sarautar Kaisa, sarkin Jamus, lokacin da aka ba hafsoshi damar rataya ta daga 1901, kan ƙotar kambin sarauta ne. Da sarautar ta rushe a ƙarshen 1918, aka cire kambin aka sa wani dunƙule mai zanen igiyar ruwa. A 1938, zamanin Hitila, aka sake canzawa zuwa mikiya mai riƙe da zagayen ganye a ƙafafunta, a tsakiyar zagayen kuma alamar 'yan Nazi, gicciyen nan mai lanƙwasassun hannuwa. Wuƙar da ke hannuna mikiya ce a kanta. Tsakiyar zagayen a shafe yake, amma da na haska tocila a karkace, sawun magagari ya fito ɓaro-ɓaro. Wani ya goge alamar da gangan, abin da aka yi wa kayan Nazi da yawa bayan 1945.

Babban wan ya ce dillali na biyu ya gaya musu mikiyar Kaisa ce. Na ce masa, "Alhaji, Kaisa ma yana da mikiya a tambarinsa, gaskiya ne, amma a kan wannan wuƙa kambi yake sawa. Mikiyar nan ta zo ne shekara 23 bayan faɗuwar Garwa."

Ɗalibin nawa, wanda na koya wa kada ya yarda da magana don malami ne ya faɗa, ya yi tambayar da ta dace: to idan hular ce kawai aka canza fa? Tambaya ce mai kyau, don kan ƙotar a murɗe yake kamar noti, ana kwance shi da hannu. Hasali ma a 1938 hafsoshi da yawa ba su sayi sabuwar wuƙa ba, hular kawai suka sauya, shi ya sa ake samun tsohuwar wuƙa da sabuwar mikiya, kuma masu tara irin waɗannan kaya ba sa ɗaukar hakan a matsayin aibi. Sai dai wannan yana nufin wuƙar tana Jamus a 1938, ba a adaka a Kano ba. Ko ta wace hanya aka bi, labarin bai tsira ba.

Sannan ga tambarin maƙera. A gindin ruwan wuƙar akwai hoton kurege a zaune yana riƙe da takobi, da sunan Eickhorn da na garin Solingen. Solingen shi ne garin maƙeran wuƙa da takobi na Jamus tun ɗaruruwan shekaru, kuma kowane kamfani da alamarsa: WKC kan jarumi mai kwalkwali, Alcoso sikeli, Eickhorn kurege. Kuregen ma ya sha canza zama, kuma wannan mai riƙe da takobi masana suna sa shi tsakanin 1935 da 1941. Ke nan ba hular kaɗai ba, ruwan ma bai kai shekarun labarin ba.

Zauren ya yi tsit. Wani daga ɗakin amarya ya ce, "Wato jabu ce ke nan."

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma a nan na fi daɗewa ina bayani. Tambayoyi biyu ne, ba ɗaya ba. Ta farko: abin nan, shi ne abin da siffarsa ke cewa? Ta biyu: hannuwan da aka ce ya bi, su ya bi? Wuƙa tana iya zama ta gaske labarinta ya zama ba haka ba, kamar yadda doki na iya zama ɗan asali amma ba daga bargar da dillali ya ambata ya fito ba.

Jabun irin wannan wuƙa suna da yawa ƙwarai, har sun fi na gaske yawo. Tun bayan yaƙi, a Solingen ɗin kanta, an riƙa harhaɗa ragowar sassa ana sayar wa sojojin mamaya su kai gida tsaraba. Daga baya aka shiga ƙera sababbi a Sifen da Indiya da Pakistan da Sin, wasu a sayar da su a fili a matsayin kwaikwayo, wasu a jiƙa su da ruwan batir ko a binne su kwana kaɗan su fito da tsufan ƙarya. Abin da ke tona su yawanci zubi ne. Wanda ya kwafi abu daga jikin wani, zanensa yakan fito a dakushe, gashin mikiya ya haɗe kamar an shafa masa man shanu, a kuma ga layin da bakin mazubi biyu suka haɗu ba a goge shi ba. Duk wanda ya taɓa zama wajen maƙeran fari a Kurmi ya san wannan. Zanen ruwan jabu kuma yakan zama sama-sama, harufan tambari su karkace, maɓallin ya yi sako-sako.

A wannan ban ga ko ɗaya ba. Gashin mikiyar ɗai-ɗai yake, igiyar ankar ana ƙirga murɗinta, wuƙar tana shiga kube ta kulle da ƙara ɗaya tsaf. Da na kwance hular, zaren murɗin ya zauna daidai, dattin da ke ciki kuma baƙi ne mai kauri, irin wanda shekaru ke tarawa, ba jan tsatsar kwana uku ba. A lungunan da hannu ba ya kaiwa akwai ragowar ruwan zinare. Maganaɗisu, in faɗa a gefe, ba alƙali ba ne a nan: da yaƙi ya yi tsanani Jamusawa sun koma yin kube da baƙin ƙarfe suna shafa masa ruwan tagulla, don haka kamawarsa ba ta nufin jabu, rashin kamawarsa ma ba ya nufin gaske. Hukuncina shi ne ruwa da makari da hula da kube duk na zamaninsu ne, wato tsakanin 1938 da farkon Yaƙin Hitila.

Ƙotar ce ba tata ba. Ta asali seluloid ce, wata roba ta farko-farko, fara ko ruwan ƙwai, an lulluɓa ta a kan itace an nannaɗe da murɗaɗɗiyar wayar tagulla. Seluloid ba ta jure zafi da bushewa, kuma wanda ya san watan Afrilu a Kano, ya san hunturunta, ba zai yi mamakin ta tsage ba. Wani mai hannu ya sassaƙa sabuwa, ya kuma yi aiki mai kyau, sai dai kwarin da ya yanka ba su yi daidai da juna ba, wayar da ya naɗa kuma jan ƙarfe ce irin ta cikin wayar lantarki. Batun haure kuwa, madubi ya raba gardama. Hauren giwa yana da layuka masu gilma juna kamar saƙar raga idan aka duba inda aka yanke shi. Ƙashi ba shi da su, sai ƙananan ɗigo da tsaga baƙaƙe inda jijiyoyin jini suka bi. Wannan ƙashi ne, mai yiwuwa na raƙumi, wanda masu sassaƙa a nan suka saba aiki da shi. Na ce musu su gode wa Allah, domin tun daga 1989 aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe, da haure ne da ya zama ƙarin matsala.

Akwai ɓarna biyu kuma, dukansu na ƙauna. Mamacin yakan fito da ita duk shekara ya goge kuben da Brasso, wani lokaci da toka da lemon tsami, har ruwan zinaren ya tafi sai a lungu. Wani jika kuma, shekarun baya, ya ga wuƙa ba kaifi ana gobe Sallah, ya kai wa mai wasa wuƙa. Dutsen ya cinye gefen zanen ankar. Ita dama ba a taɓa yi mata kaifi ba tun daga maƙera. Garin gyaran gira aka taɓa ido, kuma a idon masu saye waɗannan biyun da canjin ƙota sun zubar da kaso mai yawa na darajarta.

Gwaggo

Da na gama, babban wan bai ji daɗi ba, kuma ina ganin yana da gaskiya. A ganinsa na zo har zaurensu na ce kakansu maƙaryaci ne. Na tambaya ko akwai wani abu kuma a adakar. Aka kawo gwangwanin taba, a ciki akwai lambobi uku da ƙyallensu ya ruɓe. Babu wanda ya yi musu kuɗi a rabo, an ɗauka tarkace ne.

Ɗaya tauraro ne na tagulla mai takubba biyu a gicciye, da rubutun 1914-15 a tsakiya. Na juya bayansa. Ga lambar soja, ga muƙami, ga suna da rubutun boko irin na Turawan da ke rubuta sunan Bahaushe yadda kunnensu ya ji, ga taƙaitaccen sunan Rundunar Najeriya. Sauran biyun ma an buga sunan a gefensu. Ingilishi sun buga suna a lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, saɓanin na Yaƙin Duniya na Biyu, wato Yaƙin Bama, da aka raba wa sojoji ba suna. Tauraron nan kuwa sai wanda ya shiga fagen daga kafin ƙarshen 1915 ake ba, kuma ga sojan Najeriya a lokacin, fagen nan Kamaru ne. Bai ce Garwa ba, bai ce Mora ba, amma ya ce mutumin ya je. Kwafin katunan rabon waɗannan lambobi yana nan a ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew, ana neman su ta intanet da lambar soja.

Na ce, "Alhaji, ga shaidar kakanku. Shekara da shekaru kuna goge wadda ba tasa ba, tasa tana cikin gwangwani."

Saura tambaya ɗaya: ina wuƙar ta fito? Aka ce akwai ƙanwar mamacin a Fagge, ta haura tamanin, ba a sa ta cikin maganar ba don ba ta cikin magada. Muka je da ɗalibina da babban wan. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, aka ɗora mata wuƙar a cinya. Ban gaya mata komai ba, kuma na roƙe su kada su fara da labarin Garwa, don tsoho idan aka ba shi amsa a cikin tambaya yakan mayar maka da ita don kunya.

Ta shafa kuben ta ce, "Wannan ai ta Bature ce."

Babban wan ya ce, "Gwaggo, ba ita ce ta Kaka ba, ta Yaƙin Jamus?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, ta Baba doguwa ce, baƙa, ƙotarta itace, irin wadda ake cusawa a bakin bindiga. Ina yarinya da ita ake haƙa ramin shuka a bayan gida. Wannan mai ƙyalli Yaya ne ya kawo, lokacin da Baturen da yake tuƙawa a Bompai zai koma ƙasarsu, zamanin Gawon. Har da agogon bango ya ba shi."

Agogon bangon yana cikin lissafin gado, an riga an yi masa kuɗi.

Ta ce wuƙar Baban kuwa, wani maƙwabci ne ya ara bai dawo da ita ba, tun kafin a haifi wanda ke tambayar. Abin da ya faru daga nan ba wuya a gane shi. Wuƙa biyu, dukansu na Jamus, sun zauna a gida ɗaya a lokuta daban-daban. Mai labarin ta ɓace, mai kyan gani ta rage, sai labarin ya tashi daga waccan ya sauka a kan wannan. Ba na jin wani ya zauna ya ƙirƙira. Yara sun ji ana cewa wuƙar Jamus, sun ji Kaka ya yi Yaƙin Jamus, suka ɗaura. Mamacin, ko ya gaji da gyarawa ko ya ji daɗin yadda ake faɗa, ya bar su. Kama da wane ba ta wane.

Maganar Gwaggo ta zauna daidai da tarihi kuma. Bayan 1945 manyan sansanonin sojan ruwan Jamus, Kiel da Wilhelmshaven, suna yankin da Ingila ta mamaye, Solingen ma haka, kuma sojojin Ingila sun kwashi irin waɗannan wuƙaƙe sun kai gida. Wasunsu daga baya sun zo aiki a kamfanonin Kano, da yawa kuma suka tattara suka tafi bayan dokar 1972 da ta mayar da hannun jarin kamfanoni ga 'yan ƙasa. Mai haɗa kaya zai koma gida yakan rabar da abin da ba ya so ya ɗauka.

Takardar da dillali ya nema

Dillali na biyu ya dawo bayan kwana uku. Da aka gaya masa abin da aka gano, bai yi gardama a kan mikiya ko kurege ba, abin da ya nuna mini tun farko ya sani. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, mai sayen nan ba wuƙa yake saye ba, labari yake saye. Ku dai a rubuta yadda kuka gada, dattawa biyu su sa hannu, a buga hatimi, a haɗa da lambobin nan. Ai ba ƙarya kuka yi ba, haka kuka ji."

Wannan ita ce hanyar da ake ƙera asalin ƙarya, kuma ta fi ƙera wuƙar jabu sauƙi. Ana ɗaukar abu na gaske, a jingina shi da takarda ta gaske mai ɗauke da labarin da ba a bincika ba, a ƙara da wani abu mai suna kamar lamba ko hoto, sai kowanne ya riƙa ba ɗan'uwansa shaida. Masu tara kayan soja a ko'ina suna gargaɗin junansu da a sayi abu don kansa, kada a sayi labarinsa, domin sun sha ƙonewa. Abin da ake kira asali mai ƙarfi shi ne wanda aka rubuta a lokacin da abin ya faru ko kusa da shi: rasit, wasiƙa, hoton mutum da abin a jikinsa, suna da aka zana wanda ya dace da rajistar soja. Takardar da jikoki suka rubuta bayan shekara ɗari tana tabbatar da abin da jikoki suka ji ne kawai.

Malamin rabon gadon ne ya rufe maganar, ba ni ba. Ya ce jiya da ba su sani ba, da sun rubuta, kuskure ne. Yau da suka sani, shaidar zur ce, kuɗin da za a raba wa marayu kuma ba a so a gauraya shi da ita. Ni abin da na ƙara na duniya ne. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke kula da Gidan Makama, ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izininta ba, kuma takardar da ke kiran abu ganimar yaƙin zamanin mulkin mallaka gayyata ce ga hukumar ta shigo maganar. Ga shi kuma wuƙa ce, ba a sa ta a jakar hannu a filin jirgi. Kayan Nazi ma ba ko'ina ake sayar da su a fili ba: dokar Jamus ta hana baje alamarsu, shafin cinikin intanet na eBay ma ba ya karɓar irinsu. Duk wanda mai sayen zai gane daga baya cewa an yi masa rufa-rufa, sunayen da ke kan takardar zai nema, ba na dillali ba.

Yadda aka rabu

Na duba sakamakon gwanjon irin wannan wuƙa a shafukan gidajen gwanjo na waje, na ware masu cikakkiyar ƙota da ruwan zinare, na nemi masu irin raunin tamu. Na kawo wa malamin ƙiyasi mai ƙasa da sama. Ya fi tayin dillali na farko nesa ba kusa ba, amma ko kusa da fili bai je ba. Da kyar zai sayi babur na hannu. Na kuma gaya musu cewa wannan kuɗin can ne, a Kano mai biyan haka sai an nema. Malamin ya ɗauki tsakiya, ya tambaya ko akwai mai so a cire daga rabonsa. 'Yan ɗakin amarya, da suka ji adadin, suka ce Yaya ya ɗauka. Ya ɗauka.

Na rubuta masa shafi ɗaya: siffar wuƙar da awonta, tambarin, abin da aka canza, abin da aka goge, da maganar Gwaggo kamar yadda ta faɗa, da ranar da ta faɗa da waɗanda suka ji. Na ce ya naɗe ta tare da wuƙar, ya daina Brasso, ɗan man keke a ƙyalle ya isa sau ɗaya a shekara.

Lambobin sun fi ba da wahala, don da aka san abin da suke, kowa ya so. A ƙarshe malamin ya lura cewa asalinsu ma ba na mamacin kaɗai ba ne, na mahaifinsa ne, kuma Gwaggo tana da haƙƙi a ciki tun rabon da ba a yi ba shekaru sittin da suka wuce. Aka yarda su zauna a wajenta. Dillalin ya bi ta har Fagge. Ta bar shi ya gama bayani, ta sa aka kawo masa ruwa, sannan ta tambaye shi ko a gidansu ana sayar da sunan uba.

Watan jiya na je ɗaurin aure a gidan. Wuƙar tana rataye a falon Alhaji, takardata a ninke a bayan kuben. Ina cire takalmi na ji ƙaramin ɗansa, ɗan shekara takwas, yana nuna wa abokinsa ita ta taga, yana ce masa kakan babansu ne ya ƙwace ta a hannun Bajamushe ranar da aka ci Garwa.